HAYAR ABIN HAWA: HAKKIN WANDA AKA CUTA DA HUKUNCIN KAI ƘARA

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya halatta ciniki da haya, Ya haramta zalunci tsakanin bayinSa. Tsira da aminci su tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa, da waɗanda suka bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya 'yan'uwa masu karatu, mas'alar da za mu duba a wannan mako ta shafi hayar abin hawa, da ƙarin kuɗin da a kan ɗora wa mai haya bayan an gama magana. Mutum ya kan ɗauki shatar mota domin kai amarya wani gari, ko domin dakon hatsi daga ƙauye zuwa kasuwa, a yi jinga a tasha gaban jama'a, sa'an nan idan an isa sai direba ya ce hanya ta fi yadda ya zata lalacewa, ba za a sauke kaya ba sai an ƙara masa wani abu. Wani kuwa ya kan je kamfanin da ke ba da hayar motoci, a manyan birane ko a filayen jiragen sama na gida da na ƙasashen waje, ya karɓi mota ya tuƙa da kansa, ya bar kuɗin ajiya ko lambar katinsa na banki. Ranar da ya mayar da ita sai a miƙa masa lissafi dabam da wanda ya sani: ga kuɗin wanki, ga cikon man fetur a kan farashin da ya fi na gidan mai, ga kuɗin wata ƙujewa a jikin ƙofa wadda shi bai san lokacin da ta auku ba. Wani lokaci ma sai ya koma gida zai ga an zare kuɗin daga asusunsa, ba sallama ba bayani.

Galibin mutanenmu idan haka ta same su, sai su biya suna gunaguni, su ce sun bar shi da Allah. Wasu suna ganin musu a kan kuɗi zubar da girma ne, kai ƙara kuwa tonon asirin ɗan'uwa ne. To, shari'a ta yi magana a wannan wuri dalla-dalla. Ta bayyana abin da ya wajaba mai haya ya biya da abin da bai wajaba ba, ta faɗi wanda zai kawo shaida idan an yi jayayya, ta kuma nuna lokacin da yin shiru ke zama taimako ga macuci. Waɗannan su ne za mu bi ɗaya bayan ɗaya, da yardar Allah.

HAYA NAU'IN CINIKI CE

Asalin haya halal ne bisa Alƙur'ani da Sunna da haɗuwar malamai. A cikin Suratul Ƙasasi, aya ta 26 da ta 27, Allah Ya ba mu labarin yadda dattijon Madyana ya ɗauki Annabi Musa, amincin Allah ya tabbata a gare shi, aiki na shekara 8, tare da ba shi zaɓin cikawa zuwa 10 in ya ga dama. Masu karatu su lura, an ambaci wa'adi tun farko, an kuma rarrabe tsakanin abin da ya zama tilas da abin da ya ke na kyautatawa. Haka nan a tafiyar Hijira, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, da Sayyidina Abubakar sun ɗauki Abdullahi ɗan Uraiƙiɗu da lada domin ya nuna musu hanya, alhali yana kan addinin mutanensa, suka damƙa masa raƙumansu biyu, suka yi da shi ya same su a Kogon Sauru bayan dare 3.

Malaman mazhabar Imamu Malik su kan kira ɗaukar ɗan Adam aiki da sunan ijara, hayar dabba da gida da jirgin ruwa kuwa su kira ta kira'i. Motar yau tana cikin hukuncin raƙumi da jakin jiya. Shaihu Ibnu Abi Zaidin Alƙairawani, wanda ya rasu a shekara ta 386 bayan Hijira, ya kawo maganar haya a cikin babin ciniki na littafinsa Risala, wannan da a ke karantawa a zaurukanmu, domin wanda ya ba da haya amfanin abinsa ya sayar na wani lokaci. Saboda haka duk sharaɗin da ke inganta ciniki a ke nema a haya: yardar ɓangarorin biyu, da sanin kuɗin da za a biya, da sanin amfanin da aka saya, watau kwana nawa ne, ko kuwa daga ina zuwa ina, da kuma wane irin kaya za a ɗora.

Idan aka ɓoye ɗaya daga cikin waɗannan, to, garari ya shiga, watau rashin sanin makomar abin da aka ƙulla, ga shi kuwa Imamu Muslim ya ruwaito daga Abu Huraira cewa Annabi ya hana cinikin garari. Aya ta 29 ta Suratun Nisa'i kuma ta hana cin dukiyar juna ta hanyar ɓarna, ta sanya yarda ta zama ginshiƙin fatauci. Mutum kuwa ba ya yarda da abin da bai sani ba. Kuɗin da ba a ambata ba lokacin jinga, ba ya cikin takardar da aka sa wa hannu, kuma al'adar gari ba ta san da shi ba, ba shi da gurbi a lissafi. An ambaci al'ada ne domin malamai suna aiki da ita wajen cike abin da aka yi shiru a kansa. Idan sananne ne a tasha cewa mai shata ne ke biyan kuɗin kwanan direba in tafiya ta kai gobe, to, wannan kamar an faɗa ne. Amma abin da mai mota ya ƙago shi kaɗai bayan an gama aiki, ba al'ada ba ce.

Har ila yau, haya idan ta ƙullu ta zama tilas a kan kowa, kamar yadda ayar farko ta Suratul Ma'ida ta umurci muminai da cika alkawuran da suka ƙulla. Kowa ya tuna yadda farashin man fetur ya tashi kusan ninki uku a Nijeriya cikin 'yan kwanaki bayan janye tallafi a ƙarshen watan Mayu na 2023, masu motoci suka shiga wahala ta gaske. Mai motar da irin wannan ta same shi bayan ya yi jinga, yana da damar ya roƙi ƙari, kuma kyakkyawan hali ne mai haya ya tausaya masa in yana da iko. Abin da ba shi da dama a kai shi ne ya riƙe kayan mutane, ko ya tsaya da mata da yara a daji da magariba ya ce sai an ƙara. Kuɗin da aka karɓa ta wannan hanya ƙwace ne, ko da mai shi ya miƙa da hannunsa.

Idan kuwa mota ta lalace a hanya, sai a duba yadda aka ƙulla. In wannan motar ce aka ayyana, haya ta warware a sauran tafiyar, mai haya ya biya gwargwadon abin da ya amfana kurum. In kuwa mai mota ya ɗauki alkawarin kai mutane ne da kowace mota, to, wajibinsa ne ya kawo wata ta ƙarasa da su ba tare da ƙarin ko kwabo ba.

WA KE ƊAUKAR HASARA?

Mafi yawan rigimar haya a kan ɓarnar da aka ce ta sami mota ta ke tashi. Ƙa'idar da malaman mazhabobi huɗu suka tafi a kai ita ce, abin haya amana ne a hannun mai haya, amintacce kuwa ba ya biyan abin da ya lalace a hannunsa sai in ya ƙetare iyaka ko ya yi sakaci. Tayar da ta suɗe, da birkin da ya cinye, da injin da ya gaji saboda tsufa, da fentin da rana ta ƙoɗar, duk suna wuyan mai mota, domin kuɗin hayar da ya karɓa su ne ladan wannan gajiya. Ba ya halatta ya karɓi haya sa'an nan ya sāke karɓar kuɗin tsufan motarsa.

Ƙetare iyaka kuwa shi ne kamar mutum ya ɗauki mota daga Kano a kan zai tsaya Zariya, sai ya zarce da ita Kaduna, ko ya ce mutane zai ɗauka sai ya loda mata buhunan siminti, ko ya miƙa makulli ga yaron da ba shi da lasisi. Imamu Malik ya yi wa wannan mas'ala babi a cikin Muwaɗɗa, inda ya ba mai dabba zaɓi idan an wuce da ita wurin da aka yi alkawari: ko ya karɓi hayar ƙarin nisan tare da hayar farko, ko kuwa ya karɓi ƙimar dabbar tun daga inda aka soma saɓa alkawari. Sakaci kuma shi ne kamar ya bar mota a buɗe da makulli a ciki, ko ya ga alamar injin ya yi zafi ya ci gaba da gudu har ya buga. A irin waɗannan wurare mai haya zai biya, kuma zunubi ne ya yi ƙarya domin ya kuɓuta.

Amma ko a inda biya ya wajaba, abin da a ke biya shi ne ainihin kuɗin gyara, wanda masana sana'ar za su ƙiyasta. Idan makanike ya karɓi Naira 30,000 a wajen gyaran lotsawa, aka rubuta wa mai haya Naira 80,000, to, Naira 50,000 ɗin nan haramun ce tsantsa. Haka nan idan an karɓi kuɗin gyaran a wani wuri, kamar kamfanin inshora, sa'an nan aka sāke karɓa a hannun mai haya, an ci kuɗi biyu a kan hasara ɗaya. Kuɗin ajiyar da mai haya ya bari kuwa su ma amana ne a hannun mai mota, ba ya taɓa su sai da hakki bayyananne.

Mai karatu zai ce, to, ai kamfanonin zamani su kan rubuta a takardarsu cewa duk abin da ya sami mota yana wuyan wanda ya ɗauka. Jumhurun malamai suna ganin irin wannan sharaɗi ɓatacce ne, domin ya saɓa wa asalin amana, ko da ya ke wasu sun sassauta idan an bayyana shi sarai aka kuma yarda da shi. To, ko a wajen waɗanda suka sassauta, sharaɗin bai wuce ɓarnar da ta auku a cikin kwanakin haya ba, bai kuma wuce ainihin kuɗin gyara ba. Babu malamin da ya halatta a biya tsohuwar ƙujewa da sunan sabuwa. Duk da haka lalle ne mutum ya karanta takarda kafin ya sa hannu, ko ya sa a karanta masa, domin kotun ƙasa abin da ya sa wa hannu za ta fara dubawa.

SHAIDA TANA KAN MAI DA'AWA

Hadisin Abdullahi ɗan Abbas, wanda Imamun Nawawi ya kawo a lamba ta 33 cikin Arba'una, ya kafa ƙa'idar da alƙalan Musulunci ke aiki da ita har yau: wanda ya yi da'awa shi zai kawo shaida, wanda ya musa kuwa rantsuwa ce a kansa, domin da a ce a kan ba mutane abu da faɗarsu kawai, da wasu sun cinye dukiyoyin wasu. Mai motar da ya ce wannan lotsawa sabuwa ce, shi ne mai da'awa. Sai ya nuna yadda motar ta ke ranar da ta fita, da yadda ta ke ranar da ta dawo, da rasiɗin gyara. Faɗar ma'aikacinsa kurum ba ta isa ta sa a zare kuɗin mutum ba.

Kada wani ya zaci wannan cuta ta tsaya ga ƙananan masu motoci na tasha. A shekarar 1988 kamfanin Hertz, ɗaya daga cikin manyan masu ba da hayar motoci a duniya, ya amsa laifinsa gaban kotun tarayya a Amurka cewa tsakanin 1978 da 1985 ya riƙa karɓar kuɗin gyaran da ya wuce abin da ya kashe, daga mutane fiye da 100,000 da kamfanonin inshora. Aka ci shi tarar dala miliyan 6.85, ya kuma mayar da fiye da dala miliyan 13. A shekarar 2016 kuma reshen wannan kamfani na ƙasar Ostareliya ya ɗauki alkawari gaban hukumar kare masu saye ta can cewa zai mayar wa mutane kuɗinsu, bayan an gano an sa wasu sun biya ɓarnar da tana jikin mota tun kafin su karɓa. Abin lura a nan shi ne, abin da aka ci na kowane mutum ɗaya ba shi da yawa, irin wanda mutum zai ce bai kai ya ɓata lokacinsa ba. Sai da aka haɗa lissafi wuri ɗaya sa'an nan girman ɓarnar ya fito.

MATAKAN NEMAN HAKKI

Mataki na farko yana zuwa ne tun ba a tayar da mota ba, gama rigakafi ya fi magani. Aya mafi tsawo a cikin Alƙur'ani, watau ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka, ta kuma hana ƙosawa da rubuta shi ko ƙarami ne. Saboda haka a rubuta kuɗin haya, da ranar mayarwa da sa'arta, da wanda zai sayi mai, da abin da za a biya in an makara. A zagaya motar tare da mai ita, a nuna masa kowace ƙujewa da tsagewar gilashi a sa ya rubuta, a ɗauki hotonta da wayar hannu ta kowace fuska, har da ma'aunin mai da lambar kilomita. Ranar mayarwa kuma a damƙa ta hannu da hannu, a sāke ɗaukar hoto, a karɓi takardar shaidar cewa ta dawo lafiya. Wanda ya ce yin haka rashin yarda ne da ɗan'uwa, sai a tuna masa cewa muminai aka umurta da rubutu a tsakaninsu, sai bango ya tsage kuwa ƙadangare ke samun wurin shiga.

Mataki na biyu, idan lissafi ya zo da ƙari, shi ne a tambayi mai motar cikin natsuwa ya fayyace kowane kuɗi da dalilinsa, domin sau da yawa kuskuren magatakarda ne, ana nuna masa zai gyara. A biya abin da babu jayayya a kansa, a bayyana a rubuce abin da ba a yarda da shi ba da dalili, a riƙe kwafi. Idan an matsa wa mutum ya biya kafin a sake shi, ya rubuta a jikin rasiɗi cewa ya biya ne ba da yarda ba. Buhari da Muslim sun ruwaito cewa wani mutum ya zo yana bin Annabi bashin raƙumi, ya tsananta magana har sahabbai suka yunƙura, sai Annabi ya hana su, ya nuna musu cewa mai hakki yana da damar ya yi magana, ya kuma sa aka biya shi da raƙumin da ya fi nasa. In Shugaban Halitta bai ga laifin mai neman hakkinsa ba, wane ne zai ce neman hakki zubar da girma ne? Sai dai a haɗa da hadisin Jabir da Buhari ya ruwaito, inda Annabi ya roƙa wa mai sauƙin hali rahama, a sayensa da sayarwarsa da neman biyansa. Zagi da cin kwala ba sa ƙara wa mai gaskiya komi.

Mataki na uku shi ne sulhu. A tashoshinmu akwai shugabannin ƙungiyar direbobi, su kuwa sun san farashin kowace hanya, sun kuma san halin mutanensu. A kamfani kuma akwai manaja sama da wanda ke kan tebur. Idan da katin banki aka zare kuɗin, a gaggauta rubuta wa bankin cewa ba a yarda da wannan cirar ba, a haɗa da takardu da hotuna, domin irin wannan koke yana da wa'adi. A Amurka, alal misali, wata doka ta 1974 ta ba mai katin bashi kwana 60 ne daga ranar da aka aiko masa da lissafi. A Nijeriya kuwa, idan banki ya ƙi kulawa, Babban Bankin ƙasa yana da sashe na musamman mai sauraron koken masu hulɗa da bankuna.

KAI ƘARA DA YI DA MUTUM

Idan duk wannan bai yi ba, sai hukuma. A nan ne mutanen kirki da yawa su kan ja da baya, suna tsoron faɗawa cikin giba. Aya ta 148 ta Suratun Nisa'i, bayan ta nuna Allah ba Ya son bayyana mummunar magana, ta keɓe wanda aka zalunta. Ayoyi na 39 zuwa 43 na Suratush Shura sun ɗauke laifi daga wanda ya nemi hakkinsa bayan an cuce shi, suka ɗora shi a kan masu zaluntar mutane, tare da yabon mai haƙuri da yafewa. Imamun Nawawi, wanda ya rasu a shekara ta 676 bayan Hijira, ya lissafa wurare 6 a cikin Riyadus Salihina da ambaton aibin mutum ke halatta, daga cikinsu akwai kai kuka ga mai iko, da neman taimako wajen kawar da ɓarna, da gargaɗin Musulmi game da sharrin wani. Hindu 'yar Utba ta kai kukan rowar mijinta Abu Sufyana gaban Annabi, bai ce ta yi giba ba, sai ma ya ba ta hukunci.

Tun kafin aiko Annabi, wani fatake daga ƙabilar Zubaidu ta Yaman ya kawo haja Makka, Asi ɗan Wa'ilu ya saya ya hana shi kuɗinsa, ganin baƙo ne ba shi da kowa. Mutumin ya hau dutsen Abu Ƙubaisu ya ɗaga murya yana kai kuka. Wannan kuka ne ya sa wasu gidajen Ƙuraishawa suka taru a gidan Abdullahi ɗan Jud'ana, suka yi rantsuwar tsaya wa duk wanda aka zalunta a Makka, ɗan gari ne ko baƙo, suka je suka karɓo wa fataken hakkinsa. Ita ce yarjejeniyar da a ke kira Hilful Fuduli. Annabi ya halarce ta yana saurayi, ya kuma yabe ta bayan zuwan Musulunci. Da Bazubaiden nan ya ce ya bar shi da Allah ya kama hanyar Yaman, da baƙon da zai biyo bayansa ma haka za a yi masa. Mai hayar mota kuwa galibi baƙo ne, yana sauri, ga jirgi ko biki na jiransa, wannan rauni nasa ne macuci ke dogara da shi.

Annabi da kansa ya shiga kasuwa ya cusa hannunsa cikin tsibin abinci, ya taras da jiƙaƙƙe a ƙasa busasshe a sama, ya tsawata wa mai shi, ya kuma nisanta mai algus daga tafarkinsa, kamar yadda Muslim ya ruwaito. Daga irin wannan aiki ne ofishin hisba ya samo asali, wanda Imamu Mawardi ya yi bayaninsa a cikin Ahkamus Sulɗaniyya, ya sanya duba mudu da sikeli da ha'incin 'yan kasuwa cikin ayyukan muhtasibi. A yau wannan aiki ya rarrabu ga hukumomi. A Nijeriya akwai Hukumar Tarayya Mai Kula da Gasar Kasuwanci da Kare Hakkin Masu Saye, wadda a ke kira FCCPC a taƙaice. An sa hannu a kan dokarta a 2019, ta gaji majalisar kare masu saye da aka kafa dokarta a 1992. Dokar ta wajabta bayyana farashi, ta hana sharuɗɗan danniya a cikin yarjejeniya, ta kuma ba wanda aka cuta damar kai koke ga hukumar ko ya tafi kotu. Akwai Hukumar Karɓar Koke-koken Jama'a da aka kafa a 1975. A Jihar Kano akwai Hukumar Hisba, wadda aka yi dokarta a 2003, tana sulhunta masu jayayya. Akwai kuma kotuna, inda takardun jabu suka shiga kuwa, maganar ta zama ta 'yan sanda.

Yafewa alheri ce babba, babu mai musun wannan. Amma mutum hakkinsa kaɗai ya ke da ikon yafewa. Idan ya ga alamar cutar ta zama sana'a, kamar an ƙi nuna masa rasiɗin gyara, ko lissafin ya saɓa wa takardar da ya sa wa hannu, ko ya ji wasu ma an karɓi kuɗinsu a kan wannan ƙujewa ɗaya, to, yana iya yafe kuɗinsa ya nemi lada, sa'an nan ya sanar da hukuma saboda na bayansa. Annabi ya umurce mu da taimakon ɗan'uwa ko shi ne azzalumin, ya kuma fassara taimakon azzalumi da hana shi zaluncin, kamar yadda Buhari ya ruwaito daga Anas. Ashe ke nan mai kai ƙara da kyakkyawar niyya mutum biyu ya taimaka, wanda za a cuta gobe da wanda zai ci haramun.

IYAKAR MAI ƘARA

Hausawa su kan ce in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Akwai masu hayar da su kan buge mota su shafe wurin da ƙasa su mayar da ita da dare, akwai masu wuce wa'adi su musa, akwai kuma masu yi wa mai mota barazanar ɓata masa suna domin ya yafe musu abin da ya wajaba a kansu. Waɗannan ma ha'inci su ke yi. Farkon Suratul Muɗaffifina ya yi narkon azaba ga masu cika mudu idan za su karɓa, su tauye idan za su bayar, wannan kuwa ya haɗa mai mota da mai haya baki ɗaya.

Saboda haka mai kai ƙara ya kiyaye abu uku. Ya faɗi abin da ya gani da abin da ke cikin takardunsa, ba ƙari ba ragi, har da abin da ba ya goyon bayansa, domin aya ta 8 ta Suratul Ma'ida ta hana ƙiyayya ta kai mutum ga barin adalci. Ya rarrabe tsakanin zato da yaƙini, ya ce an karɓi kaza a hannuna ba a nuna mini dalili ba, ya bar masu bincike su tabbatar ko kuskure ne ko zamba, gama Suratul Hujurati ta yi horo da bin diddigin labari da nisantar yawan zato. Ya kuma kai kukansa inda za a iya share masa hawaye, kada ya watsa sunan mutum a dandalin sada zumunta tun bai saurari uzurinsa ba, domin sunan da aka ɓata da wuya ya gyaru ko gaskiya ta fito daga baya.

Ku kuma masu motocin haya da ma'aikatan kamfanoni, ku ji tsoron Allah game da baƙon da ya amince muku. Ku faɗi farashinku duka tun farko, ku nuna aibin motarku kafin ta fita, ku mayar da kuɗin ajiya a kan lokaci. Magatakardan da ya rubuta lissafin ƙarya bisa umurnin maigidansa, shi ma yana da kaso a zunubin, don babu biyayya ga abin halitta cikin saɓon Mahalicci. Wanda ya san ya taɓa karɓar irin wannan kuɗi, tubarsa ba ta cika sai ya mayar wa masu shi, in kuwa ya neme su ya rasa, ya yi sadaka da shi da niyyar ladan ya je gare su. Ya yi haka tun yana da rai, kafin ranar da babu Naira babu dala, sai biya da kyawawan ayyuka.

Allah Ya tsare mu daga cin hakkin mutane, Ya ba mu ikon tsaya wa gaskiya a kanmu da a kan waninmu, Ya sanya albarka a cikin sana'o'inmu. Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.